Gudawa Da Jini Da Majina: Tambayoyin Da Kullum Ake Maimaitawa

Da damina ta kankama tambayoyin nan ba sa yankewa, kuma yawanci mutum sai ya yi kwana da kwanaki yana fama shi kaɗai saboda kunya kafin ya buɗe baki ya faɗa. Na haɗa su wuri ɗaya na sa musu lamba don idan na ce duba amsa ta kaza a gane. Abin da ke nan ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba fa, zai dai taimaka ka san me kake fuskanta da kuma abin da za ka faɗa wa likita.

1. Ina ganin wani abu mai yauƙi kamar majina a bayan gida na, daga ina yake fitowa?

Daga hanjinka. Dama can Allah Ya halicci bangon babban hanji yana fitar da majina kaɗan kaɗan, ita ce ke sa bahaya ya sulale ba tare da ya kankare hanjin ba, kuma tana kare shi daga ƙwayoyin cutar da ke zaune a ciki. A lafiya lau ba ka ganinta don ba ta da yawa kuma tana cakuɗe da bahayan. Idan wani abu ya fusata hanjin ne yake ƙara yawanta har ido ya gani, kamar dai yadda hanci ke yi lokacin mura.

Majina ita kaɗai sau ɗaya sau biyu ba jini ba zazzaɓi, ba abin ɗaga hankali ba ce. Masu taurin bahaya suna ganinta, masu hanjin nan mai saurin murɗawa da damuwa ko wani abinci ke tayarwa su ma suna gani. Amma irin wannan ba ya zuwa da jini. Da jini ya shigo magana ta canza.

2. To mene ne atini, kuma me ya bambanta shi da gudawa ta yau da kullum?

Gudawar da aka saba ruwa ce tsululu mai yawa, daga ƙaramin hanji take tasowa. Atini kuwa a babban hanji yake, ƙwayar cuta ce ta shiga bangon hanjin ta ji masa ciwo, shi ya sa jini da majina ke fita wani lokacin har da mugunya. Mai atini zai ce maka ya zaga sau goma sha amma abin da ke fita bai kai cikin cokali ba, ga murɗar ciki a ƙasan cibiya, ga yunƙurin da ba ya ƙarewa, ya tashi daga masai ya ji kamar bai gama ba ya sake komawa. Wannan yunƙurin na banza shi ne alamar da ta fi nuna cewa ƙarshen hanji ya kumbura.

Manyan masu jawo shi biyu ne. Akwai bakteriya mai suna Shigella, ita tana zuwa da gaggawa, kwana ɗaya zuwa biyu bayan ka ɗauka, da zazzaɓi mai zafi da kasala, kuma ita ta fi kama yara. Sai amiba, wadda likitoci ke kira Entamoeba histolytica, ita a hankali take tafiya, tana iya yin mako 2 zuwa 4 kafin ta nuna kanta, zazzaɓinta ba shi da ƙarfi, yau ta lafa gobe ta dawo. Bayan su akwai Campylobacter da aka fi samu a naman kazar da bai gasu ba, da Salmonella ta ƙwai da nama, da wani jinsin E. coli mai dafi. Maganinsu ba ɗaya ba ne, riƙe wannan don za mu dawo kansa a amsa ta 6.

Kwalara ba ta cikin wannan layin. Ita bahayanta kamar ruwan da aka wanke shinkafa yake, ba jini, kuma haɗarinta ƙarewar ruwan jiki ne cikin awanni.

3. Ni dai an ce min basir ne. Ba shi ba ne?

Nan ne inda na fi so mu tsaya. Mu Hausawa komai ya faru daga cibiya zuwa ƙasa basir ne. Ciwon baya basir, kumburin ciki basir, kasala basir, rashin ƙarfin maigida basir, ka je tasha ko kasuwa ka ji mai lasifika yana lissafo alamomi sai ka rantse kowa a garin nan yana da shi. Basir na gaskiya abu ne ƙarami takamaimai: jijiyoyin jini ne da ke bakin dubura suke kumbura, yawanci saboda yunƙuri da taurin bahaya da daɗewa a tsugune, ko juna biyu.

Jininsa ja ne jawur, sabo, yana ɗigowa bayan an gama ko ka gan shi a hannu lokacin tsarki, ko ya shafi bayan bahayan ta waje, ba ya cakuɗuwa da shi. Kuma abin da nake so kowa ya haddace: basir ba ya sa gudawa, ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa rama. Eh gudawa mai yawa tana iya tayar da basir ɗin da dama yake kwance har ya yi jini, wannan gaskiya ne, amma a nan ma gudawar ce ke buƙatar a nemo dalilinta. Akwai kuma tsagewar bakin dubura, wadda ita zafi take yi kamar an yanka da reza lokacin fita, da ɗan jini kaɗan, ita ma abokiyar taurin bahaya ce.

Abin da ke ba ni tsoro da kalmar basir shi ne yadda take kwantar da hankalin mutum. Sai ya shekara yana shan jiƙo, alhali abin da ke amsa ta 11 ko ta 12 ne ke cinsa.

4. Kalar jinin tana nuna inda yake fitowa?

Tana nunawa sosai, don haka duba kafin ka kora ruwa, ba ƙazanta ba ce. Ja jawur a waje, daga bakin dubura ne ko kusa da shi. Jini da ya cakuɗe da majina da bahaya, daga cikin babban hanji. Mai duhu kamar hanta ko gudaji gudaji, daga can sama. Baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, wannan jini ne da ya narke tun daga tumbi, yawanci olsa ce ta fashe, kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da Feldene da asfirin da ake sha ba ƙa'ida suna kan gaba wajen jawo shi, musamman haɗin gajiyar nan da ake ƙullawa a leda. Wannan na asibiti ne a ranar.

Kada kuma a ruɗe: maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo yana mayar da bahaya baƙi ba tare da wata matsala ba, kuma abinci ko abin sha mai jar kala sosai yana iya rina shi.

5. Ta ina ake ɗaukar atinin? Ni ina da tsafta wallahi.

Ba a ce ba ka da tsafta ba. Hanyar dai ɗaya ce, daga bahayan wani zuwa bakinka, ko ta ruwa, ko ta hannu, ko ta ƙuda, ko ta ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata. Latas da kabeji da tumatir ɗin da ake yanka wa a kan shinkafa da wake, kankana da aka yanka tun safe, ƙanƙarar da aka sa a zoɓo wadda ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, furar da aka dama da hannu. Da damina ruwa na wanko masai da bahayan fili ya zuba a rijiya, shi ya sa abin ke yawa a lokacin.

Shigella ba ta buƙatar yawa, ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum, shi ya sa idan yaro ɗaya ya kamu a gida ko a tsangaya sai ka ga ta bi sauran. Buta ɗaya ake riƙewa, kwano ɗaya ake sa hannu. Tsarki da ruwa abu ne mai kyau amma bai isa ba sai an bi da sabulu, ko toka in babu, kuma uwar da ta wanke wa yaro ta wanke hannunta kafin ta koma kan tukunya. Ita kuwa amiba ƙwanta yana da tauri, ɗan sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo ba lallai ya kashe shi ba, tafasawa ita ce tabbas.

Kuma ba ciwon talaka ba ne kaɗai. A 2011 a Jamus wani jinsin E. coli ya sa dubban mutane gudawar jini, sama da 50 suka mutu, da aka bi diddigi sai aka tarar tsiron hulba ne da ake ci ɗanye.

6. Na je kemis an ba ni Flagyl, na sha amma bai tsaya ba. Me ya sa?

Domin Flagyl, wato metronidazole, amiba yake kashewa, ba ya taɓa Shigella. Idan naka na bakteriya ne ko katan ka shanye ba abin da zai yi sai ɗacin baki kamar ka tsotsi ƙarfe da tashin zuciya. Ga atinin Shigella Hukumar Lafiya ta Duniya ciprofloxacin ta sa a gaba, in bai yi ba a koma azithromycin ko allurar ceftriaxone, su kuwa Septrin da ampicillin da tetracycline ɗin nan ja da rawaya da muke buɗewa muna zubawa a koko, ƙwayar ta daɗe da saba da su a wurare da yawa. Yanzu cipro ɗin ma ta fara gagara a wasu wuraren, kuma mu muka jawo da shan ƙwaya biyu a ajiye.

Ko amibar ce ma akwai abin da ake mantawa. Flagyl yana kashe wadda ta shiga naman hanji, amma ƙwayayen da ke kwance a cikin hanjin sai an bi su da magani na biyu irin su diloxanide ko paromomycin, in ba haka ba bayan wata biyu ta dawo a ce ai basir ne ya motsa. Amibar da aka bari tana iya hawa hanta ta tara ruwa a can, mutum ya zo da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

Sai kuma inda maganin kansa ke zama matsala. Jinsin E. coli mai dafin nan idan aka ba shi antibayotik yana iya ƙara haɗarin taɓa ƙoda musamman ga yara. Kuma wanda ya daɗe yana shan antibayotik kala kala yana kashe ƙwayoyin kirki na hanjinsa, wata mai suna C. difficile ta samu fili ta jawo sabuwar gudawa. Shi ya sa gwajin da ke amsa ta 14 ya fi arha a ƙarshe.

7. Zan iya shan maganin tsayar da gudawa, irin Imodium? Tafiya ce a gabana.

Idan akwai jini ko zazzaɓi a'a. Shi hanjin yake sa wa birki, ƙwayar da dafinta su zauna a ciki, ciki na iya kumbura abin ya fi da muni. Yara ƙanana kuwa ba a ba su shi sam. Ɗage tafiyar.

8. To me zan yi a gida kafin in samu ganin likita?

Ruwa. Sayi ORS na leda, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ka duba jikinsa, akwai na lita ɗaya akwai na rabin lita, ka haɗa da ruwan da aka tafasa ya huce daidai yadda aka rubuta. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, ka ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. Lemon kwalba ba madadinsa ba ne, sukarinsa ya yi yawa yana ƙara gudawar.

Yaro a haɗa masa da zinc, milgiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 kuma milgiram 10, ko gudawar ta tsaya a ƙarasa. A ci gaba da ba shi nono. Zazzaɓi a sha farasitamol, a bar ibuprofen da 'yan uwansa saboda dalilin da ke amsa ta 4. Mai atini kuma ya haƙura da girki da rabon abinci har ya warke, in dai da wanda zai karɓa.

9. Yarona ne ke yi, kakarsa ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce ɗan kanoma ne.

Maman yaro, da girmamawa ga Hajiya kaka, haƙori ba ya fitar da jini a bayan gida. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori ya yi daidai da lokacin rarrafe, komai ya tsinta sai baki, ga shi an fara ba shi kunu da ruwa, sai a ɗora wa haƙori laifi. Jan duburar da ake cewa ɗan kanoma ko shan zaƙi yawanci gudawar ce ta saɓule wurin. Idan har dubura ta zazzago waje, wannan yunƙuri ne ya yi yawa ga yaron da ya rame, Shigella na yin haka, wata tsutsar ciki siririya mai kama da bulala ita ma tana yi idan ta yi yawa. Dan Allah kada a tura masa garin magani ko a ƙona wurin, a sa tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi a rufe a tafi asibiti. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da aka ga jini a gudawarsa na ma'aikacin lafiya ne a ranar, balle wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba ko mai tamowa.

Akwai wani abu dabam da nake so iyaye mata su sani don yana kama da atini amma ba shi ba ne. Jariri yawanci tsakanin wata 3 da shekara 2, lafiyarsa ƙalau, kwatsam ya callara ƙara ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, bayan 'yan mintuna ya yi lamo kamar ba shi ba, can ya sake, yana amai, daga baya ya yi kashin jini da majina zalla ja mai kauri. Wannan hanji ne ya zurma cikin ɗan uwansa kamar yadda ake zura hannun riga a cikin kanta. Ba Flagyl ba sirop, asibitin da ke da likitan tiyata za a nufa a daren, domin idan aka kwana biyu hanjin ruɓewa yake yi.

Jaririn da ke wasa yana ƙiba amma ana ganin ɗan zaren jini a kashinsa kuwa, wani lokacin madarar shanu ce jikinsa bai karɓa ba, ko ta gwangwani ko wadda uwar ke sha. Shi ma a nuna wa likita.

10. Tsutsar ciki ko tsargiya na iya sa haka?

Tsargiyar da muka sani ita ce ta fitsarin jini, wadda yara ke ɗauka a kududdufi da dam. Tana da 'yar uwa da ke zama a jijiyoyin hanji, Schistosoma mansoni, ita jininta ta bayan gida yake fita, da gudawa mai zuwa tana tafiya, in ta daɗe ta lalata hanta ta kumbura saifa. Manoman rani da masunta da masu wanki a bakin ruwa, duk wanda ƙafarsa ke wuni cikin ruwa mai dodon koɗi ya faɗa wa likita sana'arsa. Maganinta praziquantel ne, ba albendazole na tsutsa da aka saba ba.

11. Nawa ya fi wata uku, ya tafi ya dawo, na sha magani har na gaji.

Atinin bakteriya ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya haura haka ko amiba ce da ba a ƙarasa ba, duba amsa ta 6, ko tsargiyar hanji, ko tarin fuka na hanji, ko garkuwar jiki ta yi ƙasa, don haka kada ka ji haushi idan likita ya ce a yi gwajin HIV. Ciwon sanyi na saduwa ma yana iya kama dubura ya sa majina da mugunya da jini, faɗi gaskiya a ɗakin likita ba mai jin ku.

Sai kuma cutar da garkuwar jikin mutum ce da kanta ke cin hanjinsa, ulcerative colitis da Crohn's. An fi ganinsu ga matasa, daga shekara 15 zuwa 30 da ɗoriya. Alamarsu gudawar jini da majina da ke tayar da mutum cikin dare, rama, ƙarancin jini, wani har da ciwon gaɓoɓi da jan ido da gyambon baki. Da ana ɗauka ciwon Turawa ne, amma akwai shi a cikinmu, sai dai mai shi yakan shekara ana yi masa maganin amiba da taifot kafin wani ya yi tunanin leƙa hanjin. Ba a warkewa kwata kwata da ƙwaya amma akwai magunguna irin su sulfasalazine da mesalazine da ke kwantar da shi mutum ya yi rayuwarsa.

12. Gaskiya tsoron da nake ji kansa ce, wato ciwon daji.

Yawancin masu gudawar jini ta 'yan kwanaki ba kansa gare su ba. Amma ga wanda ya kamata ya matsa a duba shi: wanda ya haura 40 kuma yanayin bahayansa ya canza makonni, yau gudawa gobe tauri, bahayan ya sirance, jini mai duhu a cakuɗe, yana ramewa ba dalili, jininsa na ƙasa, ko a danginsa na jini akwai wanda ya yi kansar hanji. Ƙuruciya ma ba garanti ba ce, ɗan wasan Amurka Chadwick Boseman yana da shekara 43 ta kashe shi a 2020, kuma a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwajinta daga 50 zuwa 45 saboda yadda take ƙaruwa ga masu ƙananan shekaru.

Kansar hanji tana cikin waɗanda ake warkewa idan an kama da wuri, sau da yawa ma ɗan tsiro ne ke fara fitowa ya yi shekaru kafin ya rikiɗe, a cire shi shike nan. Matsalarmu a makare ake zuwa, kuma ka koma amsa ta 3 ka ga dalili.

13. Yaushe ne ba a jira gari ya waye?

Idan jini na zuba da yawa ko gudaji, ko bahaya baƙi kamar kwalta, ko jiri da bugun zuciya in an miƙe. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri ba ya taɓuwa, musamman ga wanda ya yi mako biyu zuwa uku yana zazzaɓi, domin taifot na huda hanji a daidai wannan lokacin. Idan fitsari ya ɗauke ko ya ragu sosai, ko yaro ya ɗashe ya kumbura bayan 'yan kwanaki da gudawar jini, ƙoda ce. Yaron da idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loma, ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga. Mai juna biyu, tsoho, mai sikila, mai ciwon suga. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ga jini na fita ta dasashi ko hanci ko wani wurin, a yi tunanin Lassa, masu jinya su kiyaye taɓa jinin.

14. Wane gwaji za a yi min, kuma da gaske ne sai an sa hannu?

Na farko gwajin bahaya. Za a ba ka 'yar roba, ɗebi daidai inda jinin da majinar suke, kada fitsari ko ruwa ya taɓa, kuma ka kai da ɗuminsa cikin awa ɗaya in zai yiwu domin amiba mai rai ake son gani tana motsi. Gara a yi kafin ka fara antibayotik. Wani abu da ba a cika faɗa ba, akwai wata amiba marar cutarwa da ƙwanta ya yi kama da mai cutar sak a madubin lab, don haka takarda ta ce an ga amiba ba ta rufe magana ba idan ka sha magani ba sauƙi. Akwai kuma shuka bahayan, wato a bar ƙwayoyin da ke cikinsa su hayayyafa a lab na kwana biyu zuwa uku, don a ga wace bakteriya ce da maganin da take ji, da gwajin yawan jini.

Sa yatsa kuwa eh, da safar hannu, bai kai minti ɗaya ba, kuma yatsan nan yana gano ƙari a dubura da babu gwajin jinin da zai nuna. Mace na da damar ta nemi mace ta duba ta ko a tsayar mata da nas. In abin ya daɗe sai a tura ka leƙen hanji da na'ura mai kyamara, kolonoskofi, ana yi a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ana ba da maganin wanke ciki kwana ɗaya kafin nan, kuma masu yi suna cewa shan maganin wankin ya fi gwajin kansa wahala.

15. Me zan ci, kuma jiƙon bagaruwa da sabara fa?

Kada a zauna da yunwa, hanji da abinci yake gyaruwa. Kunu, koko, farar shinkafa mai laushi, faten dankali, ayaba, romon kaza marar yaji, kaɗan kaɗan akai akai. A ɗaga wa yaji da maiƙo da ɗanyen ganye ƙafa na 'yan kwanaki. Madara tana ƙara wa wasu gudawa na ɗan lokaci bayan atini, kuma idan cipro kake sha ka raba ta da madara da kindirmo da maganin olsa na ruwa da awa biyu aƙalla don suna hana ta shiga jiki.

Su bagaruwa da ganyen gwaiba suna da baurin da ke ɗaure ciki, shi ya sa mutum ke jin sauƙi, ban musa ba. Sai dai ɗaurewa dabam kashe ƙwaya dabam, kuma ba wanda ya san ma'aunin abin da ke cikin jarkar da aka saya a tasha, wasu haɗin maganin basir ɗin ma masu sa gudawa ne da gangan a ce datti ne ke fita. Mai zubar da jini da ruwa a ƙara masa wannan, ƙodarsa ce za ta biya. In ka riga ka sha, tafi da ragowar asibiti ka nuna, kada ka ɓoye don tsoron faɗan nas.